Yunwar da Na Sha a Gidan Bakin Ruwa

Wai shin Malam ya sani ne, ranar da ya yarda aka kai mu gidan nan na bakin ruwan Gubi? Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, kuma babu ranar da ba na juya wannan tambaya a raina. Ku 'ya'yana kun sani, domin ku likita ya ja gefe ya gaya wa abin da ke cikin mahaifinku. Ni ban sani ba, kun ɓoye mini, na kuma yafe muku. Shi ne na kasa ganewa. Mutumin da ko bikin 'yan'uwansa ya je ba ya kwana, sai ya ce gadon wani yana sa masa ciwon baya, amma da babban yayanku ya zo daga Abuja ya ce ya kama mana wuri mu je mu huta kwana uku, bai yi gardama ba. Ya dubi ƙasa, ya ce, "To, a je." Ko ya sani, ko kuwa tsufa ne ya sa shi laushi, Allah kaɗai ya bar wa kansa sani.

Binta, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini zance irin naku na malaman makaranta. Ina jin yadda kuke ba jikokina labarin nan, wai Inna ta je gidan alfarma ta ɗauki azumin nafila. Kuna dariya, ni ma ina yi, sai dai tawa dariyar da hawaye take ƙarewa. Amma ba azumi na yi ba, kuma ba ƙauyanci ba ne kamar yadda kuke zato. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

Shekara arba'in da takwas na yi a gidanmu na Ƙofar Wambai, ban taɓa kai loma baki a gaban mahaifinku ba. Haka na ga uwata tana yi, haka na tarar da uwar mijina. In na tuƙa tuwo sai in kwashe nasa a kwanonsa, in rufe da faifai, in kai masa ɗaki, in fito. In ya gama sai ya yi gyaran murya sau biyu, in shiga in ɗauko kwanon, sannan in zauna in ci nawa. To, tun makon farko na aurenmu na ɗaga malmalar da ya rage, sai na ga tsoka kwance a ƙarƙashi. Na ɗauka mantuwa ya yi. Kashegari ma haka. Tun daga nan har tsufanmu, in dai akwai nama a miya, mafi kyan yankan yana ƙarƙashin ragowar tuwonsa yana jirana. Ko a shekarun da aikin kafinta ya yi wuya, naman miyar duka bai wuce yanka ɗaya ba, a can nake samunsa. Bai taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba. Ku kuna yara kuna tsammani wanke kwanon nake saurin yi.

Gidan da aka kai mu ya girmi dam ɗin Gubi kansa. An ce wani Bature ne ya gina shi da dutse a kan tudu tun zamanin mulkinsu, da aka tare ruwa sai ruwan ya hauro har gindinsa. Yanzu an gyara shi ana saukar da manyan baƙi. Lokacin ƙarshen damina ne, dam ya cika ya batse, in ka tsaya a baranda sai ka ga kamar gidan ne ke tafiya a kan ruwa. Ga bishiyoyin mangwaro tsofaffi, ga furanni an jera su kamar 'yan makaranta, ga wata 'yar gadar katako da ta shiga cikin ruwa. A ciki kuwa fitila ɗaya da ke lilo daga rufi ta fi ƙwayayen wutar layinmu duka yawa. Madubin ɗakinmu ya kai ƙofa tsayi, har na gaida matar da ke ciki kafin in gane mayafina. Gado kuma guda ɗaya ne, faɗinsa ya isa mutum biyar. Na dube shi, Malam ya dubi rufi, na shimfiɗa dardumata a ƙasa.

Wanda ke kula da gidan wani dattijo ne, Baba Yohanna, mutumin kudancin Bauchi, sanye da fararen kaya masu maɓallan ƙarfe, an goge su har suna iya tsayawa su kaɗai. Tun yana saurayi yake aiki a gidan, lokacin da injiniyoyin dam suke zaune a ciki. Da ya buɗe mana ƙofar gaba, Malam ya tsaya ya ƙura masa ido.

"Kai ne!" in ji Malam. "Kai ne ka kore ni daga ƙofar nan, ka ce masu aiki ta baya suke bi."

"Ni, Baba? Yaushe?"

"Lokacin da muka kawo teburin cin abinci ni da maigidana. Na maɗaci, mai ƙafa shida."

Baba Yohanna ya kama baki. Teburin na nan. Kafin a nuna mana ko ina, mahaifinku, dattijo mai furfura da babbar riga, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashinsa yana laluben alamar da ya yi da kurfi, ƙarfen sassaƙa, tun yana aiki a ƙarƙashin maigidansa. Ya same ta. Ya fito da yanar gizo a hula, yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Daga nan ya bi kujeru da ƙofofi yana ƙwanƙwasawa, wannan ya ce aikin kirki ne, wancan ya ce wanda ya yi shi ya ji tsoron Allah.

Ni kuwa na yi abin da kowace baƙuwa mai tarbiyya za ta yi. Na ɗauko ƙullin tsarabata, daddawa da busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa, na ce a kai ni in gaida matan gida. Baba Yohanna ya ce babu mata a gidan. Na ɗauka kawaici yake yi, sai na bi ta baya da kaina ina sallama. Na tura wata ƙofa ina cewa "Masu gida, sannunku da aiki," sai na tarar da janareta. Duk da haka ba a komawa da tsaraba, don haka na danƙa masa ƙullin gaba ɗaya, na ce ya kai wa iyalinsa. Ku riƙe wannan, domin ƙuli-ƙulin nan na yi kewarsa fiye da yadda na yi kewarku.

Da azahar ya kaɗa wata 'yar ƙararrawa. Muka je muka tarar ya shirya wuri biyu a kan teburin Malam, kujera tana kallon kujera, kowa da faranti uku da cokula da wuƙaƙe kamar za a yi wa mutum aiki a asibiti. Ya ja mini kujera ya tsaya a bayanta. Wato in zauna, ga mijina a gabana yana kallon bakina, ga wani namiji baƙo a bayana yana kallon ƙeyata, in yi ta tauna. Na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Na ce, "Malam ya fara, ina zuwa."

Na koma ɗaki na zauna ina jira. Can na ji gyaran murya sau biyu, na fito da saurina. Teburi fes, kamar ba a taɓa cin komai a kansa ba. Babu kwanon Malam, babu nawa. Ashe Baba Yohanna yana da tasa ƙa'idar da Turawa suka koya masa, wadda yake alfahari da ita: da zarar baƙo ya ajiye cokali, ba a barin faranti ya yi ko minti guda a gabansa. Wanda kuma ba a taɓa ba, to mai shi ba ya so ke nan, sai a kwashe.

Na leƙa ta taga. Sai ga shi can a kan gadar katako da farantin Malam a hannu. Ya karkata shi, shinkafa ta zube, sai wata cinyar kaza ta gangaro daga ƙarƙashi, soyayya, ja wur, ta faɗa ruwa. Nan da nan ruwan ya yamutse. Tarwaɗa ne, manya-manya, kowace ta kai cinyar mutum, sun saba tun zamanin injiniyoyin dam a ba su ragowar teburi. Ina tsaye ina kallo suka yi wawar cinyata.

Za ku ce me ya hana ni magana. To in ce me? In tari namijin da ban sani ba, a gidan da na zo baƙunci, in ce masa ina jin yunwa? Da girmana? Ban taɓa roƙon abinci ba ko a gidan ubana. Malam kuma na san abin da yake zato: ya ɗauka ina can ciki tare da matan gida ana ta ɗura mini, kamar yadda ake yi a ko'ina. Na ga yadda yake farin ciki da teburinsa, ban so in ɓata masa ba. Na ce a raina da magariba zan yi dabara.

Da magariba na laɓe a bayan labule kusa da ƙofa, don in riga Baba Yohanna. Malam bai gama gyaran murya na farko ba na fito, amma tsohon nan kamar aljani yake, har ya kai bakin kicin da tire. Wannan karon gasasshen kifi ne, Malam ya ɓoye tsakiyarsa a ƙarƙashin ganyen latas. Tarwaɗa suka ci ɗan'uwansu. Da safe ƙwai da hanta, su ma suka bi ruwa. Abin da ya rage mini a jaka goro ne guda biyu, kuma duk wanda ya ci goro da wofin ciki ya san yadda duniya ke juyawa. Na zauna a kujera mai laushin da ban taɓa jin irinsa ba, iska mai sanyi tana busowa, tsuntsaye farare suna sauka a bakin ruwa, ni kuwa ina dubansu ina tunanin yadda za su yi a miya.

Shi ma Baba Yohanna abin ya dame shi. Kowane lokaci sai ya canja abin da ya dafa, ya zo ya tsaya nesa da ni, hannu a baya.

"Mama bai ci ba kuma?" Hausarsa irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk ɗaya ne.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ko in yi taliya?"

"Kada ka wahalar da kanka, wallahi na ƙoshi."

Har da rantsuwa. Na yi kaffararta daga baya.

Rana ta biyu da la'asar muna zaune a baranda, Malam a kujera, ni a kan darduma, muna kallon masunta a kwalekwale. Rabon da mu zauna haka mu biyu, babu jika, babu mai sallama, babu mai neman a gyara masa ƙafar benci, na manta. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in da takwas. Bai dube ni ba, ruwa yake kallo, ya ce:

"Kazar nan ta jiya, yaya kika ji ta?"

Ina neman ƙaryar da zan yi, sai cikina ya amsa masa. Ƙugi ya yi mai tsawo, irin na janaretan da na gaisar. Malam ya juyo.

Na ce, "Sai dai ka tambayi tarwaɗa."

Na kwashe labari na gaya masa, har da janareta da goro. Da farko ya buɗe baki. Sannan ya fara dariya, yana dukan hannun kujera, hularsa ta faɗi, yana cewa, "Cinyar! Da hantar! Ni ina ta wahalar ɓoyo da cokali mai yatsu, ashe kifi nake kiwo!" Ya yi dariya har ta zama tari, tarin ya daɗe, ya fi yadda ya kamata daɗewa. Da ya lafa ya share ido, ya ƙwala wa Baba Yohanna kira.

"Kai dai ba ka bar hali ba. Da ka hana ni ƙofa, yanzu ka hana iyalina abinci. Kwana biyu ba ta ci komai ba."

Na so ƙasa ta tsage. Malam ya yi masa bayanin yadda muke yi a gida, bai ambaci maganar ɓoyon nama ba, ya ce dai sai ya gama nake ci. Baba Yohanna ya dafe kai da hannu biyu, ya zauna a kan matakala da fararen kayansa.

"Wayyo ni! Shekara arba'in baƙo bai taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba. Mama, ni na ɗauka don ni Kirista ne ba ka son cin abincin hannuna. Jiya ban yi barci ba."

Wannan ta fi yunwar yi mini zafi. Na ce masa maƙwabciyata Saratu duk Kirsimeti sai ta aiko mini da shinkafa da kaza, ni ma duk Sallah sai na aika mata, da hannunta ta karɓi haihuwar biyu daga cikinku. Na ce kunya ce kawai. Ya ce to ai shi ma uwarsa ba ta ci a gaban ubansa, aikin Turawa ne ya mantar da shi. Muka yi ta ba juna haƙuri, ni ina rantsuwa, shi yana rantsuwa, har Malam ya ce in mun gama a kawo abinci kafin matarsa ta faɗi.

Ya ce kada a kawo faranti ko cokali. Masa yake so da miyar taushe, a kwano ɗaya, a shimfiɗa tabarma a nan baranda. Baba Yohanna ya shiga kicin ya yi ta ƙarar tukwane, ya aika aka samo ƙullu a cikin gari, har daddawata ya sa a miyar. Da ya ajiye kwanon sai ya koma gefe ya tsaya, hannu a baya, yana jiran kwashewa.

Malam ya ce, "Yohanna, tafi ka gaida tarwaɗanka. In ka taɓa kwanon nan kafin gobe, zan kwance teburina in tafi da shi."

Ya tafi. Na miƙe ni ma zan ba shi wuri, sai Malam ya ce:

"Zauna."

"Malam, ka fara, ni..."

"Babu yara, babu surukai, babu kowa sai ruwa. Zauna mu ci."

Na daɗe a tsaye. Ina jin muryar uwata a kunnena, ina kuma jin ƙamshin miya. Ba zan yi muku ƙarya in ce soyayya ce ta zaunar da ni ba, irin ta finafinanku. Yunwa ce. Na zauna a karkace, na ba shi rabin baya, na ja mayafi na kare bakina, na sa hannu. Masa ta farko ban san lokacin da ta wuce ba. Ta biyu ma haka. Ina ta shida na ji yana ƙirgawa a hankali, na ce in bai daina ba zan tashi, ya ce shi tasbihi yake yi.

Sai da cikina ya natsu idona ya buɗe. Na saci kallon gefensa na kwanon. Masa ɗaya ya gutsura, ko rabinta bai ci ba. Yana ɗaukar 'yar loma, ya daɗe yana juya ta a baki, in zai haɗiye sai ya runtse ido ya kama gefen tabarma. Na ga wuyan hannunsa da ya fito daga riga, ya zama kamar na yaro. Watanni ke nan kwanonsa yana dawo mini da tuwo da yawa, ni kuwa ina cewa a raina tsufa ya ƙara masa tausayina. Ashe ba ya iya ci ne. Shekara arba'in da takwas ina ganin kwanon, ban taɓa ganin cin ba. Da ban zauna ba, da na ƙara samun 'yan makonni ina cikin rashin sani da kwanciyar rai. Na zauna, na gani.

Ya lura na gani. Sai ya tura mini tsoka da ɗan yatsa zuwa gefena, a fili, ba ɓoyo. Na ɗauka na ci ina hawaye, na ce yaji ne ya yi yawa. Ya ce lallai Yohanna ba ya tsoron barkono.

Da za mu tafi, Baba Yohanna ya cika mana kwando da mangwaron da ba lokacinsa ba, ban san inda ya samo ba, ya buɗe wa Malam ƙofar gaba da hannu biyu har da rusunawa. Ni kuma na je kan gadar katako na dubi tarwaɗan nan, na ce na yafe musu duniya da lahira.

Mako bakwai ya yi bayan dawowarmu. Kun tuna yadda kuka riƙa mamaki ina shiga ɗakinsa da kwano in saki labule, ba na fitowa sai an jima, har matar yayanku tana yi wa Binta raɗa. To abinci muke ci, ko in ce ni nake ci shi yana kallo, wani lokaci ya kurɓi romo. Ban koma cin ragowa ba, kuma ban yi nadama ba, ko da yake kowace rana ina ganin abin da yake raguwa a jikinsa.

Ranar ƙarshe Laraba ce. Ya ce yana marmarin tuwon masara da miyar kuka, na yi murna na tuƙa, na sa masa ƙaton yankan rago. Na kai, na zauna, sai aka kira la'asar. Ya ce in je in yi salla tukuna, shi zai fara. Kafin in sallame na ji salatin yayanku. Gida ya cika da mutane, aka yi abin da ake yi, ban ƙara tuna kwanon ba sai bayan an dawo daga maƙabarta, na ga wata maƙwabciya ta ɗauko shi za ta kai wanki. Na fizge shi daga hannunta har ta tsorata. Na shiga ɗaki na buɗe faifai. Bai ci ko loma ba. Amma malmalar ta ɗan karkace, da alamar yatsunsa a gefe, kuma da na ɗaga ta naman yana ƙarƙashi. Da ɗan ƙarfin da ya rage masa, abin da ya yi ke nan.

Ɗan dakata, Binta, bari in share fuskata. Yauwa. Rubuta wannan, shi ne na ƙarshe. Lokacin da na miƙe zan tafi sallar nan, har na kama labule, sai ya yi gyaran murya sau biyu. Na juyo. Yana murmushi, irin wanda ya yi da ya fito daga ƙarƙashin teburi, ya ce:

"In kin idar ki yi sauri ki dawo. Kada ki bari kowa ya ɗauke kwanon nan, kin san tarwaɗa ba su da kunya."